Montreux, Garin Hutu a Bakin Tafkin Jeneba

Montreux ƙaramin gari ne a yammacin ƙasar Suwizalan, a gaɓar Tafkin Jeneba ta gabas, cikin jihar Vaud inda ake magana da Faransanci. Daga birnin Jeneba tafiyar kimanin awa ɗaya ce a jirgin ƙasa. Duwatsu sun kare garin daga iskar arewa, shi ya sa sanyinsa da sauƙi, kuma wannan ne ya jawo masu hannu da shuni na Turai tun ƙarni na 19, har gaɓar ta cika da manyan otal-otal.

Abin da ya fi cancantar lokacin baƙo shi ne gonakin inabi na Lavaux, waɗanda suka miƙe kusan kilomita 30 zuwa birnin Lausanne. Gangaren ya yi tsayin da ba zai nomu haka kawai ba, sai malaman Kirista masu zaman zuhudu suka yanka shi hawa-hawa kamar matakala, suka tokare kowane hawa da katangar dutse, shekaru fiye da 800 da suka wuce. Manoman yankin kan ce rana uku ke nunar musu da inabi: ta sama, da haskenta da tafki ke dawowa da shi, da zafin da katangu ke riƙewa su saki da dare. Hukumar UNESCO ta sanya wurin cikin kayan tarihin duniya a 2007. Yawancin amfanin giya ake yi da shi, amma hanyoyin ƙafa da suka ratsa gonakin a buɗe suke ga kowa, kuma kyauta ne.

Kudu da garin akwai tsohuwar fadar Chillon, zaune kan dutse cikin ruwa, wadda sarakunan Savoy suka riƙe kafin dakarun Bern su ƙwace ta a 1536. Mai son tsauni kuwa, wani ɗan jirgin ƙasa zai hau da shi Rochers-de-Naye mai tsayin mita 2,042.

A watan Yuli garin kan cika maƙil saboda bikin kiɗan jazz da aka fara a 1967, farashin masauki ya yi tashin gwauron zabi. Wanda kallon gonaki ya kawo shi, gara ya jira Satumba ko Oktoba, lokacin girbin inabi.