Arlit: Masu rage ƙiba na fama da faɗin riga da bakin mutane

A Faris ko Abuja, wanda ya zubar da kilo goma barka ake yi masa. A Arlit, garin haƙar yuraniyom da ke kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, kafin a kai ga barka sai an tambaye shi ko lafiya. Wasu ma ba za su tambaya ba. Za su dubi wuyan rigarsa da ya yi masa faɗi, su dubi kafaɗar da ta zubo zuwa damtse, su kai labarin majalisar shayi.

Wannan ne halin da mutane da dama ke ciki a Arlit da maƙwabciyarta Akokan, musamman waɗanda likita ya ce su rage nauyi saboda hawan jini ko ciwon suga. Jiki na samun sauƙi, amma tufafin da aka ɗinka lokacin ƙiba suna ba da wani labari dabam.

Me ya sa rama ke tayar da hankali a nan?

Arlit gari ne da ma'adini ya haifa. Kamfanin Somaïr ya fara haƙa a 1971, Cominak kuma ya bi baya a Akokan a ƙarshen shekarun 1970. A zamanin da kuɗin yuraniyom ke gudana, ma'aikacin kamfani na da gida da ruwa da lantarki da asibiti, har aka riƙa kiran garin Faris ta biyu, sunan da Idrissou Mora-Kpai ya sa wa fim ɗinsa na 2005 a kan garin. Tumbi a cikin sabuwar shadda shi ne shaidar cewa mutum na cikin masu albashi.

A ranar 31 ga Maris, 2021 aka rufe Cominak, ma'aikata kusan 600 suka rasa aiki, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila. Somaïr ma ta shiga tangal-tangal bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, har gwamnatin soja ta ƙwace ta daga hannun kamfanin Orano na Faransa a watan Yunin 2025. A irin wannan gari, in magidanci ya rame, zaton farko shi ne aljihu ya bushe.

Zato na biyu ya fi nauyi. Shekara da shekaru ƙungiyar Aghir In'man ta Almoustapha Alhacen da cibiyar bincike ta CRIIRAD da ke Faransa suna ƙorafi kan tururin yuraniyom a ruwa da ƙura da tarkacen ƙarfen da ke fita daga ma'adinai zuwa kasuwa. A 2023 CRIIRAD ta yi magana kan tan miliyan 20 na sharar da Cominak ta bari, wadda a lokacin Orano ya ce yana aikin rufe ta. Duk gidan da ya taɓa jinyar tsohon ma'aikaci ya san cewa da rama ciwon ke fara nuna kansa. Saboda haka bai kamata a ga laifin uwar da ta ga ɗanta ya faɗa ta kasa barci ba.

Ga kuma al'ada. A yankin Sahel cikar jiki ado ce, musamman ga mace. Wata masaniyar al'adu, Rebecca Popenoe, ta rubuta littafi sukutum, Feeding Desire, kan yadda Larabawan Azawak na Nijar ke ɗura wa 'yan mata madara da hatsi don su yi jiki kafin aure. A birane kuwa har yanzu ana sayar da ƙwayoyin sa ƙiba irin waɗanda ake kira "sha ka fashe". Matar da ta yanke shawarar rage nauyi da duk wannan take kokawa, har da surukai.

Wace rama ce?

Kafin a je wurin tela akwai abin da ya kamata a tantance. Wanda ya rage suga a shayi da taliya da soye-soye, yake tattaki da asuba kafin rana ta buɗe, ya san dalilin ramarsa. Likitoci na ganin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako shi ne daidai, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki kan taimaka wa mai hawan jini da mai suga. Amma wanda ya zubar da kashi 5 cikin ɗari ko fiye a cikin wata shida zuwa shekara ba tare da ya sauya komai ba, asibiti ya kamata ya nufa. Ciwon suga da tarin fuka da ciwon daji duk suna iya zuwa ta wannan hanya, balle ga wanda ya yi shekaru a ramin Akokan. Ɗinki mai kyau na iya ɓoye irin wannan rama har lokacin magani ya wuce.

Abin da tela zai iya, da wanda ba zai iya ba

Wanda ramarsa ta son rai ce, matsalarsa ta kuɗi ce. Jikin da ke raguwa ba ya tsayawa a ma'auni ɗaya, kuma a garin da kaya ke zuwa ta lalatacciyar hanyar Tawa ko daga Tamanrasset, ba kowa ke iya sabon ɗinki duk wata uku ba. Rufe iyakar Benin, wadda ta nan yadi da yawa ke shigowa daga tashar Kwatano, ya ƙara wa abin tsada.

Sa'ar da aka yi ita ce kayan gargajiya sun fi na Bature haƙuri da sauyin jiki. Wando mai zariya ba ruwansa da yawan kilo, a ja a ɗaure. Zani ma haka. Babbar riga kuwa dama don faɗi aka yi ta, sai dai tana da sharaɗi: 'yar cikin da ke ƙarƙashinta ta zauna daidai a wuya da wuyan hannu, don nan ne ido ke sauka. Mutum ya sa babbar riga ta yadi goma a kan 'yar ciki mai wuya sakaka, sai ya yi kama da wanda ya aro kayan yayansa.

Kaftani shi ne mai wahala. Rage shi ta gefe abu ne na 'yan mintoci, kowane tela a kasuwar Arlit zai yi. Kafaɗa ce ke bambanta gwani da ɗan koyo, domin sai an kwance hannun riga, a rage, a sake dasa shi. In aka matse gefe kawai aka bar kafaɗa a zube, rigar za ta fi muni a kan yadda take a da. Wuya mai aiki ya fi duka taurin kai: surfani ko aikin keke ya riga ya kafe zagayen wuyan, ba a rage shi sai an ɓata adon. Kaftanin da wuyansa ya yi faɗi sosai gara a kyautar da shi, ko a riƙa sa shi da rawani, wanda ke rufe wuyan ya kuma cika fuska. A ƙasar Abzin wannan ba abin da zai ja hankalin kowa ba ne.

Shadda na da nata halin. Inda allura ta bi, in an kwance, sawun na nan, musamman a Getzner ɗin da ake saƙawa a Bludenz ta ƙasar Ostiriya, wadda sheƙinta ke tona kowane rami. Don haka gyara ɗaya ko biyu take ɗauka. Kuma a roƙi tela ya naɗe rarar yadin a ciki maimakon ya sa almakashi. Ƙiba na iya dawowa, yawanci ma takan ɗan dawo, abin da aka yanke kuwa ya tafi.

Dabarar da ta fi sauƙi ga aljihu ita ce a zaɓi kaya biyu ko uku da aka fi sawa a gyara su, sauran a jinkirta. Sabuwar shadda mai tsada a ajiye ta a akwati ba ɗinki har nauyi ya tsaya wuri ɗaya na 'yan watanni. Matsalar ita ce sallah da biki ba sa jiran kowa. In dole ne a ɗinka, yadi mai sauƙin kuɗi ya wadatar, a yi shi daidai jikin yau. Masu ɗinka ƙaramar riga da fatan za su shige ta nan gaba galibi a akwati take tsufa.

Ga mata, rigar atamfa mai bin jiki ita ce ke fara tona asiri, tana tattarewa a ƙirji da hammata. Bubu da doguwar riga da lafaya sun fi daɗewa ana morar su. Turmin atamfa yadi shida ne, kuma mai dabara kan bar zanin ba yanka, ta ɗinka rigar kaɗai, don in ta yi mata yawa asarar kaɗan ce. Zobe da awarwaron azurfa ma suna yin sako-sako, kuma maƙeran Abzinawa sun iya matse su.

Samari masu wandon jins da rigar kanti su gwanjo ke rufa wa asiri, tun da ana iya sauya girma ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Bel ɗin da aka huda wa sabon rami da ƙusa har wando ya tattare kamar bakin buhu, wannan kam ba ado ba ne. Lokacin sanyi, daga Disamba zuwa Janairu, ya fi sauƙi, don ana iya ɗora riga kan riga. Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, ba ya barin wannan dabara.

'Yan uwa na waje

'Yan Arlit da ke Aljeriya da Libiya da Turai na da hannu a lamarin ta fuska biyu. Su ne ke aiko da kaya, kuma sau da yawa da tsohon ma'auni suke saye, na mutumin da suka bari shekara uku da suka wuce. Lambar girma ta kanti ba ta da tabbas, ta Faransa dabam, ta Italiya dabam. Abin da ke aiki shi ne a je wurin tela ya auna ƙirji da ƙugu da kafaɗa da tsawon hannu da santimita, a tura ta WhatsApp. In shadda ce, a aiko ta ba ɗinki.

Su ma in sun rage nauyi a can, ko ta motsa jiki ko ta sababbin allurai irin su Ozempic, hoton sallar da suka turo gida kan jawo kiran waya cikin dare da tambayar ko aiki ya tsaya. Da yawa sun gano cewa hoton da aka ɗauka cikin kaftanin da aka ɗinka daidai sabon jiki ba ya jawo irin wannan kira kamar wanda aka ɗauka cikin tsohuwar rigar da aka tafi da ita daga Akokan.