Tafiyar Keke Daga Damagaram Zuwa Gure

Tsakanin Damagaram da Gure akwai wajen kilomita 160 a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta miƙe gabas har Diffa. Mai keke da kaya yakan ci ta cikin kwana 2 ko 3, ta Mirya da Gidimuni da Gidigir. Lokacin hunturu ya fi dacewa, ko da yake iskar gabas tana bugun matafiyi a fuska, ga ƙura.

Da an sauka daga kwalta don shiga ƙauyuka, sai aikin ya sauya. Rairayi ne mai zurfi, taya tana nutsewa, dole a tura keken da hannu. Ƙaya tana yawan huda taya, shi ya sa ba a fita ba tare da famfo da kayan faci ba.

Abin da ya cancanci wannan wahala shi ne kwaruruwan ƙasar Muniyo, wato yankin Gure. Bayan gonakin gero da wake, sai a gangara kwari mai dabino da goruba da lambun rogo, wani wurin kuma ana haƙar kanwa. Tuddan rairayi na cinye da yawa daga cikinsu, abin takaici ƙwarai.

Baƙo yakan fara gaida mai gari kafin ya nemi masauki. Hausa tana biyan buƙata a kasuwanni, amma a ƙauyukan Mangawa, mutanen yankin, an fi jin Barbarci.