Yadda Na Rage Teɓa A Tsakar Gidanmu

  A wannan fitowar na ajiye zancen soyayya gefe guda, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ni kaina ta shafe ni, don haka ba labarin ƙanzon kurege zan ba ku ba.

Bikin wata aminiyata ne ya taso aka fitar da anko. Na aika wa telana atamfa, na ce ya yi amfani da tsohon awona tunda yana da shi a littafi. Ana jibi kamu aka kawo ɗinki, na saka riga, zif ya ce bai san zance ba. Na ja numfashi, ƙanwata ta ja zif, har sai da muka ji ɗinkin hammata ya yi ƙara. Na ɗauki mayafi a fusace na tafi shagon, ina shirin zazzaga masa masifa. Bawan Allah bai ce komai ba, ya miƙa wa yarinyar shagonsa tef ta auna ni, sannan ya buɗe littafi ya nuna mini. "Hajiya, ɗinki dai bai canza ba, inci huɗu kika ƙara a ƙugu." Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da na dawo gida na zauna na yi wa kaina hisabi. Kusan shekara guda ina kwance rub da ciki a kan katifa ina rubuta littafi, ga kwanon cincin a dama, ga lemon kwalba a hagu. In zan je bakin titi ma sai na tare adaidaita sahu. To ina laifin tela?

A wajen bikin shawara ta yi ta zuwa kamar ruwan sama. Wata ta ce in yi rajista a gidan motsa jiki, a haɗa ni da mai horarwa. Na tambayi kuɗin wata, na ji ya kusa kuɗin buga mini rabin littafi. Balle ma na san Abbanmu, ko da wasa ba zan tunkare shi da zancen zuwa inda wani namiji zai tsaya a kaina yana ƙirga mini tsalle ba. Na tabbata da yawanku haka gidajenku suke. Wata kuma ta jawo ni gefe ta ce akwai wani shayi, sati biyu kawai, sai in koma kamar karan silifa.

Shayin nan na so mu daɗe a kansa, domin na ga abin da ya yi da idona. Wata 'yar ajinmu, zan sakaya sunanta, ta fara shansa saura sati uku bikinta, saboda dangin ango sun yi mata gorin jiki. Safe da dare tana sha, tana ta zarya banɗaki, tana murna wai kitse ne yake fita. Sikeli kuwa ya nuna ta ragu. Ranar kamu, ana tsakiyar fesa turare, ta yanke jiki ta faɗi. Amarya guda a gadon asibiti da lalle a hannu ana yi mata ƙarin ruwa. Garin gyaran gira ta kusa rasa ido.

Abin da ba a faɗa mana shi ne, yawancin irin wannan shayi akwai ganyen filasko ko danginsa a ciki, wanda kakanninmu suka sani maganin wanke ciki ne. Abin da yake fita ruwa ne da bayan gida, kitse yana nan zaune daram. Da ruwan kuma gishirin jiki yake tafiya, wanda zuciya take buƙata don ta buga daidai, shi ya sa ake jin jiri da faɗuwar gaba. Kina daina sha, kika sha ruwa kwana biyu, sikeli ya koma inda yake. Ƙwayoyin ma ba su fi ba. Akwai wani magani mai suna sibutramine da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma har bayan nan an sha gano shi a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta wa "na gargajiya zalla". Don Allah duk abin da ba likita ne ya rubuta miki ba, kar ki haɗiye shi don wata mai talla ta nuna miki hoton da da na yanzu.

Abin dariya abin takaici, mu ɗin nan ne jiya muke neman "sha ka fashe" don mu ciko. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan, irin su dexamethasone, maganin ciwo ne mai ƙarfi, in aka daɗe ana sha sai fuska ta kumbura, ciki ya yi tulu, ƙafafu su tsotse, fata ta yi nankarwa, ga ciwon suga da hawan jini suna jira a gaba. Yau a ce mu cika, gobe a ce mu rage, jikin nan dai guda ɗaya Allah ya ba mu.

To yaya na yi? Wata yayata ma'aikaciyar jinya ce ta zaunar da ni ta yi mini bayani da misalin rumbu. Ta ce kitse ajiya ne. Abin da kika ci ya fi ƙarfin aikin da kika yi, jiki sai ya zuba rarar a rumbu. In kina so rumbu ya ragu, sai abin da ake ɗiba ya ɗan fi abin da ake zubawa, kullum, na tsawon watanni. Kuma ba ke ce za ki zaɓi inda za a fara ɗiba ba. Ko sau ɗari za ki yi motsin ciki a rana, naman cikin zai yi ƙarfi, amma kitsen da ya lulluɓe shi sai jiki gaba ɗaya ya ragu sannan zai bi. Wata fuskarta ce take fara faɗawa, wata cinya, abin gado ne. Ita kuwa ɗamarar roba da ake ɗaure ciki da ita, matse ki kawai take yi ta hana ki numfashi sosai, kina kwancewa teɓa ta ce salamu alaikum.

Na fara da abin sha, don nan ne ɓarnata ta fi yawa. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali tara. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa tun 2015 ta ce ya fi kyau babban mutum ya tsaya a wajen cokali shida a yini gaba ɗaya. Ki lissafa na shayin safe, da na koko, da zoɓon 'yar maƙwabta, da kunun aya, da wanda ake zambaɗawa a fura. Ban daina shan zoɓo ba, ni nake dafa abina da citta da kanumfari, in sa sukari kaɗan. Sati biyu na farko baki ya yi ta ƙorafi, daga baya ya saba, har na kasuwa ya koma yi mini zaƙi cau.

Sai mai. Mu Hausawa in miya ba ta yi iyo a mai ba sai a ce matar gida marowaciya ce. Amma babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori wajen 120, kusan abin da za ki ƙona a tafiyar rabin awa da sauri. Ki tuna ludayi nawa ake kwarara wa shinkafa da wake ko ɗanwake. Ni cokali nake sawa in auna, na daina tuttulawa daga kwalba. Fanke, cincin, dubulan, soyayyar awara da dankali, na mayar da su abin marmari, na ranar Juma'a ko biki.

Tuwo kuwa ban rabu da shi ba, kuma duk wadda ta ce miki sai kin koma cin abincin Turawa, ba ta san arzikin da ke kasuwar Rimi ba. Malmala biyu nake ci da, na koma ɗaya, na cika gurbin da ganye: kwaɗon zogale, rama, dafaffen alayyafo, kabeji, yalo, gurji. Wake, ƙwai, kifi, nono marar sukari da gyaɗa 'yar kaɗan suna riƙe ciki fiye da burodi da taliyar leda. Dabara guda da ta taimake ni: a gidanmu a tire ɗaya muke ci da ƙannena, kuma a tire ba ka sanin iyakar abin da ka ci, hannu dai yana ta zuwa. Sai na riƙa zuba nawa a faranti. Umma ta yi ta tsiya wai na zama baturiya, amma ta ƙyale ni.

A nan zan ja kunnen ƙannena na sakandare. Ke da ba ki kai shekara 18 ba, jikinki gini ake yi, ƙashi yana tsawo, ƙugu yana buɗewa, wannan ba ƙiba ba ce, girma ne. Kar ki kuskura ki riƙa tafiya makaranta ba karin kumallo don wata ta ce miki "buhu" a aji. Ga jinin al'ada da kike zubarwa duk wata, in kika haɗa da yunwa sai ƙarancin jini, sai jiri a wajen taron safe, karatu ya ƙi shiga. Yunwa mai tsanani har al'adar takan ɗauke. Naki shi ne ki rage zaƙi da soye-soye, ki yi wasa, ki ci ki ƙoshi. In kuma kin ga kina tsoron abinci, ko kina sa yatsa a maƙogwaro bayan kin ci, ki gaya wa Umma ko wata babbar da kika yarda da ita a kai ki asibiti, ciwo ne kuma ana maganinsa.

Mu dawo kan motsa jiki. Kakata har ta tsufa ba ta san wani mai horarwa ba, amma damtsenta kamar na ɗan dambe. Surfe, daka, niƙa a dutse, jan guga a rijiya, tafiya gona da ƙafa. Da dare kuma 'yan mata su fita dandali gaɗa har gumi ya jiƙa su. Mu injin niƙa da famfo da waya sun hutar da mu, hutun ya zame mana kaya. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, babba yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a sati, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. 'Yan ƙasa da 18 kuwa awa guda kullum. Minti 150 ɗin nan in kin raba, rabin awa ne sau biyar.

Ni bayan sallar asuba nake yin nawa, kafin gida ya tashi. In zagaya tsakar gida da sauri, daga bakin zaure zuwa bakin rijiya, ina kaiwa ina komowa. Ma'aunin saurin shi ne ki iya magana amma ki kasa rera waƙa. Da na saba sai na ƙwace igiyar tsallen ƙanwata. Ranar farko ko ashirin ban kai ba na zube ina haki, yaran gida suna leƙe ta taga suna ƙyalƙyala dariya. In zan je Islamiyya na daina hawa adaidaita, in kuma unguwa mai nisa ce in sauka tun kafin a kai. Surfen gero ma na karɓe daga hannun 'yar aikinmu ranar Asabar.

Shi kuwa ɗaurewar jiki, wato a ga hannu da cinya sun tsaya ba sa rawa, aikin tsoka ne, kuma a ɗaki nake yi a kan tabarma, Litinin da Alhamis. Na ɗaya, tsuguno da miƙewa: ki tsaya gaban kujera, ki yi kamar za ki zauna, ɗuwawu na taɓa ta ki miƙe, bayanki a miƙe, dugaduganki a ƙasa. Sai tura bango: ki dafa bango da tafin hannu biyu, ki matso da ƙirji, ki tura ki koma. In ya yi sauƙi ki koma dafa bakin gado. Sai ki kwanta rigingine, ki tanƙwashe gwiwa, ki ɗaga ƙugu sama ki sauke a hankali. Na ciki kuma, ki kifa ki tokare da gwiwar hannu da yatsun ƙafa, jiki a miƙe kamar taɓarya, ki ƙirga ashirin kina numfashi. Gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi nauyinta kilo ɗaya da rabi ne, guda biyu sun ishe ki ɗagawa don damtse. Kowanne sau goma, ki huta, ki maimaita sau biyu ko uku. Sirrin da mai horarwa zai karɓi kuɗinki ya gaya miki shi ne ƙari kaɗan-kaɗan: in goma ta daina ba ki wuya ki koma sha biyu, in gora ta yi sauƙi ki cika ta da yashi. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubutawa.

Na san abin da wata za ta ce, "Kar in zo in yi ƙwanji irin na maza, wa zai aure ni?" Kwantar da hankalinki. Sinadarin da yake kumbura tsokar namiji kaɗan ne ƙwarai a jikin mace, gorar ruwa ba za ta mayar da ke ɗan dako ba. Ciwon jiki na kwana biyu bayan farawa ba komai ba ne, amma zafi mai suka a gwiwa ko baya, ko ciwon ƙirji, ko jiri, ki tsaya.

Barci ma yana ciki, ko da yake faɗar haka asara ce gare ni. Mai kwana karatun littattafanmu da tocila har ƙarfe biyu, washegari yunwa da kwaɗayin zaƙi sun fi damunta. Budurwa 'yar makaranta tana son awa 8 zuwa 10. Ki ajiye littafin, jarumar ba za ta auri kowa ba kafin gari ya waye.

Kar ki sa sikeli a gaba kullum, domin nauyi yana hawa yana sauka da ruwa, musamman gab da al'ada. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shi ne iyakar saurin da likitoci suke yarda da shi, sau da yawa ma bai kai haka ba. Ga awo marar kuɗi ga manya: ki yanki zare daidai tsawonki, ki ninka biyu, ki zagaya shi a cikinki ɗan sama da cibiya. In ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuma mai jawo suga da hawan jini. Likitocin Ingila sun shigar da wannan lissafi na ƙugu kar ya kai rabin tsawo cikin ƙa'idojinsu a 2022.

Mai ciki, da mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma, su fara tambayar likita. Mai jego ta bari a yi arba'in a duba ta, wadda aka yi wa aiki kuma ta fi haka jira. Wadda ƙiba ta zo mata tare da rikicewar al'ada da gashi a haɓa, ko kasala da jin sanyi kullum, ita ma asibiti za ta nufa, don wani lokacin matsalar daga ƙwan mahaifa ne ko maƙoƙo.

Ni dai wata na farko ban ga komai ba, har na yi fushi na yi sati guda ban taɓa igiya ba, ga bikin suna da aka yi a maƙwabta na ci alkaki kamar ba gobe. Yayata ta ce in ci gaba daga inda na tsaya. A wata na uku siket ya fara juyawa a ƙuguna, na kuma lura ina hawa benen gidan kawuna ba na tsayawa a tsakiya. A wata na bakwai na koma shagon tela da ɗinkin Sallah, yarinyar ta auna, ya duba littafi ya gyara tabarau. "Hajiya, uku sun tafi, saura ɗaya." Ɗayan nan har yau yana nan, mun saba da juna.

Rigar ankon kuwa na ciro ta daga ƙasan akwati, zif ya hau sumul. Sai dai yayin ɗinkin ya wuce, ƙanwata ta ce ko kyauta ba ta so.