Uwa Mai Shayarwa, Giya da 'Yan Sanda

A watan Nuwamban 2013, a garin Conway da ke jihar Arkansas ta Amurka, wata ma'aikaciyar gidan abinci ta hango wata mata tana kurɓar giya, jaririyarta 'yar wata shida kuma tana kama da nono. Sai ta kira 'yan sanda. Suka zo suka tafi da matar, aka tuhume ta da jefa rayuwar yarinya cikin haɗari. Ba a jima ba aka janye ƙarar, domin babu hujjar da za ta tsaya a kotu, kuma jihar ba ta da wata doka da ta hana mai shayarwa shan giya. Ita ma wadda ta yi kiran, an sallame ta daga aiki.

Ba kowace ce ta tsira haka ba. A 2009, a Grand Forks ta jihar Dakota ta Arewa, 'yan sanda sun je wani gida kan rigimar cikin gida, suka tarar da uwa tana shayar da jaririyar sati shida. Suka ce a buge take. Ta ƙare da amsa laifin sakaci da yarinya a gaban alƙali. A irin waɗannan shari'o'i, dokar kare yara ake jawowa a yi amfani da ita, sannan a bar wa ɗan sanda da mai gabatar da ƙara su auna da ido.

To, me likitoci suka sani? Giya tana shiga nono, babu gardama. Yawanta a nono yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da yawanta a jinin uwa, yana kai ƙololuwa tsakanin minti 30 zuwa 60 bayan sha. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce rashin sha gaba ɗaya shi ne mafi aminci, kuma kowane kofi ɗaya yakan ɗauki awa 2 zuwa 3 kafin ya bar nonon. Tatse nono a zubar ba ya hanzarta komai; sai jini ya tsarkaka nono ke tsarkaka. Hantar jariri kuwa ba ta ƙosa ba, tana sarrafa giya a hankali fiye da ta babba. Akwai kuma tsohon camfin cewa giya tana kawo ruwan nono. Binciken Julie Mennella da Gary Beauchamp na 1991 ya nuna akasin haka: jarirai sun sha nono ƙasa da yadda suka saba da kusan kashi 20 cikin 100 a 'yan awannin da suka biyo baya, domin giya tana danne sinadarin da ke sa nono ya zubo.

Amma abin da ya fi ba likitocin yara tsoro ba ɗigon da ke cikin nonon ba ne. Hannun uwar ne. Wadda ta bugu tana iya sakin yaro ya faɗi, ko barci ya kwashe ta a gado ɗaya da shi ta danne shi ba ta sani ba. Ankwa ba ta magance wannan. A ganina ma ƙara dagula shi take yi, domin uwar da ta san gaskiyarta za ta kai ta ofishin 'yan sanda ba za ta buɗe baki ga ungozoma ko likita ba. Ta ɓoye, yaron ya ci gaba da sha.

Mai karatu a Kano ko Gusau zai ce wannan matsalar Turawa ce, ai mu nan shan giya da kansa laifi ne mai hukuncin bulala tun da aka dawo da shari'ar Musulunci a 2000, da goyo ko babu goyo. Gaskiya ne. Sai dai kwalbar da ta shiga ɗakunan matanmu ba ta giya ba ce, ta maganin tari ce mai kodin, da ƙwayar tiramol. A 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC da ya tona yadda ake shansa. Shekara guda kafin nan, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi masu shayarwa su guji kodin da tiramol, saboda jikin wasu matan yana juya su da sauri zuwa sinadari mai ƙarfi da ke bin nono ya danne numfashin jariri.

Alamomin illar waɗannan magunguna a jikin jariri ba su da wuyar ganewa: yaro ya yi ta barci ba ya farkawa neman nono, ya kasa kama kan nonon, jikinsa ya saki laƙwas, numfashinsa ya ragu ko leɓensa ya sauya launi. Idan aka ga haka a garzaya asibiti nan take, a kuma faɗa wa likita ainihin abin da uwar ta sha da lokacin da ta sha shi, domin da wannan bayanin zai san maganin da zai ba yaron.