Kallon Agwagin Daji da Ɗaukar Hotonsu a Dausayin Haɗeja-Nguru

Wanda ya je dausayin Haɗeja-Nguru da hunturu don ɗaukar hoton 'ya'yan agwagin daji, da wuya ya dawo da abin da ya je nema. Zai tarar da tafkin Nguru, ko na Dagona da ke ƙasar Bade, cike da agwagi, amma da yawa daga cikinsu baƙi ne. Daga Turai da Asiya suke tasowa, su iso wajajen Oktoba, su juya kafin bazara ta yi nisa, kuma a can suke ƙyanƙyasa. Masu hayayyafa a nan su ne 'yan gida, irin su kirinjijiya da dinya da kwarwa, kuma lokacinsu damina ne zuwa farkon kaka, sa'ad da ruwa ya malale fadamu, ciyawa ta yi tsawo.

Kirinjijiya ta fi sauƙin shaidawa, saboda farar fuskarta da fito mai gaɓa uku da take yi in ta tashi. A ƙasa take sheƙa, cikin ciyawa, kuma uwa da uba ne ke rakiyar 'ya'yan. Da zarar mutum ya matso, iyayen kan tashi, 'ya'yan su watse cikin ciyawa, shaho kuwa na shawagi a sama. Saboda haka hoton da aka ɗauka ta hanyar bin tsuntsu a guje ba abin yabo ba ne, komai kyansa. Abin da ya dace shi ne a fita da asuba cikin kwalekwale tare da masunci ɗan wurin, a juya wa rana baya, a yi ƙasa-ƙasa kusa da fuskar ruwa, a bar gilashin kyamara mai jawo nesa ya yi tafiyar.

Ga mai nazarin Hausa, amfanin hoton ya wuce sha'awa. Ƙamusun Bargery na 1934 ya tanadi sunayen tsuntsaye masu yawa, sai dai bayanin da ke gaban suna a takarda ba koyaushe yake isa a gane tsuntsun ba. Idan aka nuna wa tsohon masunci ko maharbi hoto mai fayyace baki da ƙafa da fiffike, zai faɗi sunan da ya sani. Dole kuma a rubuta garin da aka ji shi, domin yanki ne da Hausa ke cuɗanya da Badanci da Barbarci da Fillanci.

Aikin ba ya son jinkiri. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke ciyar da dausayin ta sauya, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama, kuma tsofaffin da suka san waɗannan tsuntsaye da sunayensu suna ta raguwa.