Ido Ya Gani, Zuciya Ta Ƙi

Wanda ya ɗauki hanyar Zariya daga Kano a tsakiyar rani, yana isa Kura zai ga gonaki kore shar: albasa, tumatir, alkama. Ruwan daga madatsar Tiga yake, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, yana bin magudanai zuwa Kadawa da Bunkure. Amma da ya fara isowa, ba kowa ya yi rawar jiki ba. Hukuma alkama take so, ga dawa ba ta barin gona sai lokacin shukar alkama ya kusa wucewa, kuma dawa ce tuwon gida. Manomi bai musanta ruwan ba. Abin da zai rasa yake lissafawa.

Haka malaman Kirista ke karanta rashin bangaskiya a Littafi Mai Tsarki, wanda aka fitar da cikakkiyar fassararsa ta Hausa a 1932. A ganinsu, ba ƙarancin hujja ne ciwon ba. Littafin Fitowa ya ba da labarin jama'ar Musa da suka ƙetare teku a kan busasshiyar ƙasa, amma ƙishirwa na taɓa su a Refidim suka hau gunaguni, suna tambaya ko Allah na tare da su ma.

Labarin Li'azaru a Bisharar Yohanna ya fi wannan kaifi. Mutum ya kwana huɗu a kabari, 'yar'uwarsa Marta har tana gargaɗin wari, Yesu ya kira shi ya fito da likkafaninsa. Manyan firistoci ba su ce ƙarya ba ne. Majalisa suka zauna, tsoronsu kada jama'a ta bi Yesu Romawa su ƙwace musu Haikali da ƙasa, suka ƙulla kashe Yesu, daga baya har da Li'azarun. Kujera ce ta rufe musu ido.

Akwai kuma waɗanda suka gaskata a ɓoye don gudun kora daga majami'a. Wannan hali ba baƙo ba ne ga ikilisiyoyin ECWA na ƙauyukan kudancin Kano, inda kakannin masu ibada da yawa Maguzawa ne, kuma sauya addini kan shafi aure da gado da zaman gandu.

Toma kuwa, almajirin Yesu, daban ne. Da aka ce masa Yesu ya tashi daga matattu, ya ce sai ya taɓa gurbin ƙusoshin gicciyen, aka ba shi dama bayan kwana takwas, ya sallama nan take. Kiristocin Kerala a Indiya har yau shi suke ɗauka wanda ya kai musu bishara.