Hazon da ke rufe Delhi da hunturu

Daga Nuwamba zuwa Janairu, hazo mai ƙauri yakan lulluɓe Delhi, babban birnin Indiya. A Nuwamban 2019 har makarantu aka rufe. Yawancin ƙananan ƙwayoyin da ke cikin hazon, waɗanda ake kira PM2.5, daga wuta suke: karan shinkafar da manoman Punjab da Haryana ke ƙonawa bayan girbi, itace da kashin shanun da talakawa ke jin ɗumi da su, bola, da salansar motoci.

Sai dai ba duka ke tashi a matsayin hayaƙi ba. Wani kaso gas ne da ido ba ya gani. A sama yake haɗuwa da wasu sinadarai, hasken rana da danshin dare su taimaka, ya daskare ya zama ƙwaya. Shi ya sa hana ƙona gona kaɗai ba ya wanke sararin birnin.

Sanyi ne ke ƙarasa ɓarnar. Iska mai ɗumi takan zauna bisa mai sanyi kamar murfin tukunya, hayaƙi ya rasa mafita. Ma'aunin PM2.5 na Hukumar Lafiya ta Duniya na yini guda maikirogiram 15 ne a kowace mita kubik. A munanan ranaku Delhi kan haura 300.